Fanka Uku da Zafin Sakkwato

Assalamu alaikum mutumina,

Shiru ya yi yawa, na san za ka ce laifina ne, to na ɗauka. Ya sanyin Jos? Ya amarya, ko har yanzu ba ta gano ba ka iya hura gawayi ba? Ka tambaye ni zancen filin nan na Arkilla, zan zo kansa, amma bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Ka tuna katin hoton nan na kwamfuta, GTX 1080 Ti, da na saya na hannu don haɗa bidiyon biki? Mai fanka ɗaya da ke fitar da iska ta baya. Tun da Afrilu ya kama, in na ɗora mai aiki sai ya haye digiri 84 ya tsaya nan, ya rage gudu da kansa, fankar tana kuka kamar injin markaɗe. Kati mai cin wat 250 a ɗakin da rana ke gasawa sama da digiri 40, mi kake tsammani? Da na kwance shi, man da ke tsakanin guntun (ƙwaƙwalwar katin) da ƙarfen da ke ɗauke zafi ya bushe ƙamas kamar ƙanzo. Na kankare, na shafa sabo, ya ɗan sauka, amma kukan na nan.

Sai na samu masu sanyayawa biyu na gwada. Accelero Xtreme IV na saya, mai fanka uku da faffaɗan ƙarfe a baya. Ɗayan kuwa aro ne wurin yaron shagonmu na titin Emir Yahaya: Kraken G12, mariƙin da ake ɗaura wa katin don haɗa mai abin sanyaya na ruwa mai radiyeta. (Yaron nan fa ya yi aure, wallahi. Ni na ɗauki bidiyon, har yau bai biya ba, shi ya sa ban ji kunyar aron ba.)

Aiki ɗaya na ba su, da azahar, ina kallon MSI Afterburner, manhajar da ke nuna zafin katin. Na ruwa ya fi sanyaya guntun, wannan ba gardama. Amma sauran sassan da ke rarraba wuta a jikin katin, 'yar fanka guda ce kawai ke kula da su, na kai yatsa kusa na janye ba shiri. Mai fanka ukun ya biyo baya da 'yan digirori, shiru kamar ba ya aiki, sai dai ya cinye wuri, kuma a cikin akwatin kwamfutar yake zubar da zafinsa. Dole na ƙara fanka a sama.

Mai fanka ukun na bari a jikin katin. In famfon na ruwa ya mutu ana saura kwana biyu in miƙa aikin mutane, ina zan sami wani? Fanka kuwa, in ƙurar hunturu ta toshe ta, burushi da abin hura iska sun isa. Kai da ke Jos kana iya dariya, katinka ko mafici aka yi mai zai rayu.

Af, mai shayinmu na Mabera ya ƙara kuɗin kofi, ya kuma ce bashinka na nan a rubuce. Inna tana gaishe ka, ta ce in za ka zo sallah ka riƙo mata dankali. An kawo wuta yanzu, bari in gudu kafin su ɗauke, zancen filin sai wani lokaci.

Naka,
Mai bidiyo