Wasiƙa daga Auyo zuwa Holan

Auyo, Jihar Jigawa.

Zuwa ga aminina, Babarbaren gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya sanyi, yaya baƙunta, yaya kuma fama da karatu? Na leƙa Birniwa wajen wani suna, na biya na gaishe da Hajiya. Tana nan lafiya, sai dai ta ce in gaya maka kiran da kake yi kana cewa kati zai ƙare ita ba ta lissafa shi a gaisuwa. An gama yankan shinkafa, mutane sun koma fadama, injinan ban ruwa sun fara hana mu barcin safe.

Saƙonka na murya ya iso. Abu biyu ka tambaya: a kan me za ka rubuta kundin digirinka na biyu, sannan wane aiki mutum zai ci abinci da shi bayan ya karanci zaman harsuna da yawa a al'umma ɗaya. Na ga amsar ta fi ƙarfin WhatsApp, shi ya sa na nemi tabarma na zauna.

Ka ce hankalinka ya karkata ga Ingausa, yadda samari ke cakuɗa Hausa da Turanci a Facebook. Don Allah ka bar wannan. Duk sashen Hausa da ka shiga a Arewa za ka tarar da kundaye a kai har sun yi ƙura, kuma kusan duk waƙa ɗaya suke rerawa, wai Turanci na ɓata mana harshe. Mun saba da wannan kukan har mun manta cewa a ƙasar Haɗeja Hausa ce babban kifin da ke haɗiye ƙanana. Garin nan da nake koyarwa yana da harshensa a da. Auyakawa ba da Hausa suka tashi ba, haka mutanen Teshena da ke ƙasar Kafin Hausa, haka Shirawa can jihar Bauchi. Harsunan nan duka ukun sun mutu. Marigayi Russell Schuh na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wanda ya daɗe yana aiki a kan harsunan Yobe, ya yi rubutu a kansu a 2001, ya bi 'yan kalmomin da aka taɓa rubutawa ya nuna danginsu su ne Badanci da Ngizimanci. Na taɓa gaya wa 'yan ajina wannan, suka yi ta kallona kamar na zage su. Yaro ɗan asalin Auyo, kakan kakansa a nan aka binne shi, bai taɓa jin cewa gidansu an yi wani yare ba. Babu yaƙin da aka yi a kan haka, babu dokar da ta hana. Kasuwa ce da auratayya da makarantar allo da sarauta, a hankali a hankali.

To, abin da ya faru da Auyo an gama shi, ba ka da wanda za ka tambaya. Amma yana kan faruwa a wasu wuraren, kuma kana iya zuwa ka gani da idonka. Akwai Badawa a Guri, akwai ku Mangawa a Birniwa da kewaye, akwai rugagen Fulani ko'ina, akwai Warjawa ta wajen Birnin Kudu, in ka gangara kudancin Kano akwai Kurama a Doguwa. Mutanenmu kan haɗa Badawa da Ngizimawa su zuba su cikin Barebari, alhali harsunansu 'yan gidan Cadi ne, dangin Hausa, ba su haɗa asali da Barbarci ba ko kaɗan. Ko wannan kuskuren kaɗai ya isa ya nuna maka yadda ba mu san maƙwabtanmu ba.

Da ni ne kai, gari ɗaya zan ɗauka, in zaɓi gidaje kaɗan, in bi su ɗaki ɗaki. Kaka da wane harshe take yi wa jika faɗa? Uwa da wanne take rarrashi? Yaron da wanne yake mayar da amsa, kuma yana ɗan shekara nawa ya juya? In matar gidan Bahausa ce me ke faruwa, in mijin ne Bahaushe fa? Wane harshe ake ciniki da shi, wanne ake gulma da shi, wanne liman ke fassara huɗuba da shi? Ba sai ka yi nisa ba ma. Ranar da na je gidanku Hajiya na yi wa autanku magana da Manganci yana amsa mata da Hausa, kuma babu wanda abin ya dama a tsakar gidan. Kada ka ce na sa muku ido, don ni Bafulatanin da ya raine ka ban da gaisuwa ba abin da ya rage mini na Fulatanci, ita ma in aka ja ta da tsawo sai in koma murmushi. Kai kana da jarin da malamanka na can ba su da shi: kana jin Manganci, kana jin Hausa, an san mahaifinka.

Wannan ba ya nufin zamanka a Holan banza ne. Ka ce a lardin da kake akwai Firisanci, wanda hukuma ta amince da shi tare da Holanci, har akwai makarantun firamare masu koyarwa da harsuna uku, da Turanci a cikon. Ka nemi izini ka shiga ɗaya daga cikinsu ka zauna a bayan aji. Ka duba yadda suka raba darussa tsakanin harsunan, inda ake horar da malaman, wanda ke buga littattafan da wanda ke biyan kuɗin. Abin da muka rasa ke nan. Takarda kam muna da ita tun 1977, lokacin da manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya rinjaya a yankinsa. Kafin nan Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajinsa a Ile-Ife a 1970, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, kuma ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi hakan a duk shekarun firamare, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya ce an soke, a koma Turanci. Mu da ke riƙe da alli ba mu ga bambanci ba, don ba a aiko mana da littafi ko ɗaya ba a zuwan dokar, balle a tafiyarta. Littafi da Turanci, bayani da Hausa, ɗan Fulanin da ke layin baya yana lissafi a ransa da Fulatanci, da yamma ya tafi Islamiyya ya tarar da Larabci. Yaro bai kai shekara goma ba yana ɗauke da harsuna huɗu da rubutu iri biyu, sannan a ce ba ya ja. Kuma ka lura, ko da an bi dokar, wancan sharaɗi na harshen da ya rinjaya Hausa yake nufi a Guri, ba Badanci ba. Wanda zai iya zama ya tsara yadda aji irin wannan zai tafi, shi muke nema, kuma ban san inda ake horar da shi a kusa da mu ba in ba ku kuka dawo kuka fara ba.

Sai maganar abinci. Gaskiya ɗaya ce, takardar digiri na biyu ita kaɗai ƙofar koyarwa take buɗewa: Kwalejin Ilimi ta Gumel, Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ta tarayya a Dutse, ko Bayero, kuma a jami'a ba za a bar ka ka huta ba sai ka yi na uku. Sauran wuraren ba sa tambayar taken kundinka. Shafi za su miƙo maka su ce fassara, ko su kunna murya su ce rubuta, su ga ko ka san inda ake raba kalma da inda ake sa ƙugiya. Na ga masu digiri a Hausa da suka faɗi irin wannan gwajin. Saboda haka ka dawo da sana'a a hannu.

Ka fara da tafinta, don nan ne ɓarnar ta fi yawa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a samo masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Na taɓa raka wani makiyayi wata kotu a kan rikicin gona. Da aka ga Hausarsa ba ta kai ba, sai aka leƙa waje aka kira wani mai sayar da goro wai yana jin Fulatanci. Mutumin nan ya yi dogon bayani har da nuna hanyar da shanun suka bi, mai goro ya juya ya ce wa alƙali, ya ce dai ba shi ba ne. A asibiti ma haka, yarinya ƙarama ake sa wa ta faɗa wa likita ciwon uwarta, ciwon da uwar ba za ta iya faɗa a gaban 'yarta ba. Tafinta aiki ne da ake koyo, da ƙa'idojinsa na riƙon amana da rashin ƙari ko ragi. In akwai darasinsa a jami'arku, ko ba ya cikin na dole, ka shiga.

Rediyo na san tana ranka tun muna Bayero. BBC na Hausa tun 1957, Jamus tun 1963, Faransa ta shigo a 2007, ga gidajen FM birjik a Kano da Dutse. Sai dai ka ga yadda sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit a watan Maris na 2025, don haka kada ka jingina rayuwarka da gidan da wata gwamnati ke iya rufewa da sa hannu ɗaya. Ƙungiyoyin agaji a Maiduguri kullum suna neman mai haɗa Barbarci da Hausa da Turanci, wannan kai ka fi ni dama. Akwai kuma aikin kwamfuta. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, kuma yanzu masu ƙera na'urorin da ke ji da magana suna neman wanda zai tattara musu rubutu da murya ya tace. Ka nemi mutanen Masakhane, 'yan Afirka ne masu wannan aikin, akwai Hausawa a cikinsu. Faransanci kuma kada ka raina shi don Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025. Har yanzu da shi ake aikin ofis a can, kuma duk wanda ya taɓa ganin takardun dabbobi a Maigatari ranar Alhamis ya san haka.

Tun kana can ka koyi manhajojin kwamfuta ELAN da Praat da kyau. Duka biyun a Holan aka ƙirƙire su, ɗaya a Naimegen ɗaya a Amstadam, kuma kyauta ne. Na farko na rubuta magana daidai da sautinta, na biyu na auna sautin, kuma yawancin harsunan nan namu masu karin sauti ne, kunne kaɗai ba ya wadatarwa. Darasin ƙididdigar da ka ce yana sa ka ciwon kai, daure ka gama shi. Ka tambayi mai duba aikinka game da ELDP da ke Balin, suna ba da tallafi don adana harsunan da ke fuskantar ɓacewa. Ka kuma rubuta wa cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Bayero, wadda ke nan tun 1969, don kada ka zo ka maimaita abin da wani ya riga ya yi.

In ka tsayar da zuwa, ka zo da rani, don da damina hanyoyin fadama sai kwalekwale. Za mu fara da hakimi, sannan mai gari, kafin ka fito da rikoda ko sau ɗaya. Kuma ka sa a kasafinka kuɗin mace mai taimaka maka. Harshen da ya rage, a cikin gida ya rage, wajen tsofaffin mata da masu daka, kai kuwa ƙato ba za ka wuce zaure ba. In a zaure ka tsaya, maza za su yi maka Hausa tsantsa, ka koma ka rubuta cewa yaren ya mutu alhali yana bayan katanga ana yi wa yaro wanka da shi. Akwai wata malama Babadiya da muka yi aikin rigakafi tare, tana rubutu da kyau, zan yi wa maigidanta magana in ka amince.

Masauki ba matsala, ɗakin zaure na nan, babur ɗina ma na nan, mai ne naka. Ka taho da rikoda mai amfani da batirin da ake samu a kanti, don wuta sai an ga dama. Ka sanar da ni abin da kuka yanke da malaminka kafin azumi, in san ko zan fara zagayen gaisuwa.

Uwargida na gaishe ka, yara na tambayar tsarabarsu. Ka kira Hajiya ranar Juma'a, ka sa kati mai yawa.

Wassalam.

Naka,
ubangidanka Bafulatani.