Amsa ga mai tambayar da ya ce na raina namu

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a gidan rediyo, jama'a na saurare, me ya sa na yaba wa Buzaye masu kiɗan jita amma na yi gum da aka zo kan galar mawaƙan Kannywood. Har ka ce ko raina namu nake yi. Lokaci ya ƙure ban amsa ba, to ga amsar.

Kiɗan da na yaba a bikin aure na gan shi a Agadas, a fili, kan tabarmi, janareta na ruri a bayan gida. Samari ne da jita da ganga. Mai jitar idonsa na kan masu rawa: in suka ɗau zafi ya ƙara wuta, in mata suka rangaɗa guɗa ya ja kiɗan ya ƙi dire shi. Tsirkiya ta tsinke masa ana tsaka da wasa, mai ganga ya riƙe filin har aka ɗaura wata. A irin wannan fage makaɗan jita na Nijar, Bombino da Mdou Moctar, suka goge, kiɗan da Turawa ke sawa a sahun rok, har Bombino ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, ta 2019.

A galar da na halarta a Kano kuwa, mawaƙi ya hau dandamali da makirfo, aka sako waƙarsa daga kwamfuta, yana mamin, wato motsa baki kawai. Wuta ta ɗauke, waƙa ta mutu nan take. Wallahi abin ya yi mini ciwo, domin na san yaron yana da murya, kuma baitocinsa tsararru ne.

Mu fa jikokin Shata ne, wanda har ya rasu a 1999 da makaɗan kalangu da 'yan amshi yake shiga fage, ya ƙirƙiri baiti a tsaye. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa yake riƙe taro.

Fim kuwa ba ni da ƙorafi a kansa sosai. Daga kaset ɗin 1990 zuwa masu dogon zango na Arewa24 da YouTube, hoto da sauti sun gyaru ƙwarai, sai dai labarin kan yi ta jan ƙafa. Wasan daɓe ma na kalli na ɗalibai a Zariya bana. Wata yarinya ta fito a matsayin bazawara, ba makirfo, amma har na kujerar baya ya ji rawar muryarta.

Roƙona ga masu shirya gala ɗaya ne: a ware kuɗin makaɗa a cikin kasafi, a ba mawaƙi kwanakin gwaji da su. Ranar da aka yi haka a Kano, ka neme ni, tikitinka a kaina.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a son kiɗa