Kada a yi gaggawar yanke wa na'urar karanta faifai hukunci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa ke gani ya zama tsohon yayi, wato na'urar karanta faifan CD da DVD da ke jikin kwamfutar tafi-da-gidanka. Kwanan baya na ɗauko faifan da na adana hotunan mahaifina, Allah ya jiƙansa, na saka a kwamfutata, sai ta yi ta gurnani na ɗan lokaci, daga nan ta yi shiru kamar ba a saka mata komai ba. Wanda na kai wa ya duba bai yi minti biyu a kanta ba ya ce na'urar ta mutu, a cire a yar. Zuciyata ba ta kwanta ba, na koma na bi abin a hankali, sai ga shi ƙura ce kawai ta rufe mata ido, kuma har yau tana aiki. Irin wannan hukunci na gaggawa shi ne damuwata, domin laifin yana iya kasancewa na faifan ne, ko na manhaja, kuma sai an wanke waɗannan biyu kafin a tuhumi na'urar kanta.

Faifan ya kamata a fara zargi, domin gwada shi ba ya cin komai. A saka wani faifan da aka tabbatar lafiyarsa lau, shi kuma wanda ya ƙi a kai shi wata kwamfutar a gani. In datti ne, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi shi zagaye, saboda bayanan a zagaye suke jere, kuma karcewar da ta bi layinsu ta fi wadda ta ratsa shi ɓarna. Mutane kaɗan ne suka san cewa a faifan CD, shimfiɗar da ke ɗauke da bayanan tana dab da fuskar da ake rubuta suna, don haka rauni a wannan fuska yakan fi na fuskar mai ƙyalli muni.

Inda na fi so masu karatu su lura shi ne batun hasken leza, domin a nan ne ake yawan ruɗewa. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar kasuwa a 1982, ana karanta shi ne da haske mai tsawon zango, wato ma'aunin da ke bambanta launin haske, na nanomita 780, wanda ido da ƙyar yake ganinsa. DVD kuwa, da ya biyo baya a 1996 yana ɗaukar gigabait 4.7 a maimakon megabait 700 na CD, jan haske mai nanomita 650 yake buƙata, saboda ramukan da ke ɗauke da bayanansa sun fi ƙanƙanta. Faifan Blu-ray na 2006 kuma nasa mai nanomita 405 ne. Saboda haka na'urar da ke karanta CD da DVD maɓuɓɓugar haske biyu gare ta a ciki, kuma ɗaya tana iya gajiya ta bar 'yar'uwarta. Duk wanda na'urarsa ke karanta CD sumul amma ta ƙi kowane DVD, ko akasin haka, to ya riga ya sami babbar alama cewa ɗaya daga cikin fitilun ce ta yi rauni, kuma sake girka Windows sau goma ba zai tashe ta ba. Haka nan fitilar da ta fara tsufa takan karanta faifan da aka buga a masana'anta, ta kasa karanta wanda aka kwafa a gida, domin na gida ba ya mayar da haske da ƙarfi kamar wancan.

In kuwa dukan nau'o'in ta ƙi, a duba idon, wato ɗan gilashin nan da ake gani idan tiren ya fito. A kashe kwamfutar tukuna, a ɗan jiƙa auduga da sinadarin isopropyl, a shafa a hankali ba tare da dannawa ba, domin idon a kan wasu siraran wayoyi yake reto, sannan a bari ya bushe. Wannan shi ne abin da ya ceci tawa. Tiren da ya maƙale kuma ba a ɓamɓare shi da wuƙa. Akwai ɗan rami a fuskarsa da aka yi domin haka, wanda ake zura siririyar waya miƙaƙƙiya a ciki a danna, sai ya buɗe ko babu wuta.

Wani lokaci kwamfutar ce ba ta nuna na'urar kwata-kwata. A nan gwaji mafi amfani shi ne a shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake iya buɗewa kafin Windows ya tashi, yayin kunnawa, da maɓallin da kamfanin ya tanada, wanda sau da yawa F2 ne ko F10 ko Esc. Idan sunan na'urar ya bayyana a can, jikinta da haɗinta suna da rai, matsalar tana cikin Windows. Sai a buɗe Device Manager, wato inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfutar, a duba ko akwai alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a kanta, a cire direbanta, wato 'yar manhajar da Windows ke sarrafa ta da ita, a sake kunna kwamfutar domin ta girka shi da kanta. Lambobin kuskure irin su 19 da 39 sukan samo asali ne daga ragowar da manhajojin kwafar faifai ke bari a rajistar Windows, wato kundin da yake adana saitunansa, a ƙarƙashin sunayen UpperFilters da LowerFilters, kuma goge waɗannan biyun kan warware matsalar. Sai dai ina jan kunnen wanda bai saba ba, kada ya taɓa rajista sai ya adana kwafinta, ko ya nemi wanda ya iya. Idan BIOS ma bai gan ta ba, a yawancin kwamfutoci noti ɗaya ne a ƙasa ke riƙe da ita, ana iya kwance shi a zaro ta a sake mayarwa daram, domin girgiza takan sassauta haɗin.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke kama da lalacewa alhali ƙa'ida ce. Tun daga Windows 8, kamfanin Microsoft ya daina saka manhajar kallon bidiyon DVD a ciki, don haka na'urar tana iya ganin faifan amma hoto ya ƙi fitowa har sai an girka manhaja irin VLC. Sannan faifan bidiyo na kasuwa yana ɗauke da lambar yankin duniya da aka yarda a kalle shi, Amurka 1, Turai 2, kuma sau biyar kacal na'urar ke yarda a sauya mata yanki kafin ta kulle a kan na ƙarshe.

Idan duk an bi waɗannan ta ƙi, to a nan na yarda ta mutu, kuma a ganina ɓata lokaci ne a ce za a canza mata fitila. A nemi wata mai kauri daidai da gurbin, milimita 12.7 ko 9.5, ko a sayi ta waje mai haɗin USB. Ni dai da tawa ta farfaɗo, a daren nan na kwashe hotunan mahaifina zuwa wurare biyu dabam, domin faifan da aka kwafa a gida rininsa yana dusashewa da zafi da hasken rana, kuma ina roƙon duk mai irin wannan ajiya ya yi haka tun faifansa yana karantuwa.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum