A Ɗinka wa 'Yan Mazan Jiya Bargo Mai Ɗauke da Sunansu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan tsofaffin sojoji, duk da ni ba soja ba ce, ban kuma auri soja ba. Tela ce ni, 'yar Zariya, aure ya kawo ni birnin Kolumbus na Jihar Ohio a Amurka. Akwai wani aiki da matan ƙasar nan suke yi da keken ɗinki, wato ɗinka wa tsofaffin sojoji bargo, na sa hannu a cikinsa, kuma ina ganin telolinmu na gida za su iya shi, har ma su fi su.

Asalinsa daga wata mata ce mai suna Catherine Roberts, ta garin Seaford a Jihar Delaware. A shekarar 2003 ɗanta yana fagen daga a Iraƙi. Ta ce ta yi mafarkin wani saurayi zaune a bakin gado da tsakar dare, ya haɗa kai da gwiwa, abin da ya gani a yaƙi ya hana shi barci, sai kuma ta gan shi an lulluɓe shi da bargo, hankalinsa ya kwanta. Daga nan ta kafa ƙungiyar Quilts of Valor. Bargo na farko an miƙa shi a watan Nuwamba na shekarar, a asibitin sojoji na Walter Reed, ga wani matashi ɗan Jihar Minnesota da ya rasa ƙafa a Iraƙi. Zuwa 2022 adadin da aka miƙa ya kai 300,000, duk aikin 'yan sa kai.

Bargon ba irin na kanti ba ne. Shafi uku gare shi. Na sama ƙyallayen auduga ne zalla, a yanka su ƙanana, wasu masu kusurwa huɗu wasu masu uku, a harhaɗa har zane ya fito, yawanci taurari, yawanci kuma ja da fari da shuɗi saboda tutarsu, ko da yake ba dole ba ne. A tsakiya a shimfiɗa auduga mai laushi, a baya kuma yadi guda. Girman da aka fi so shi ne inci 60 a faɗi, 80 a tsawo, yadda zai rufe babban mutum. A rukuninmu shafin sama muke haɗawa, sannan a kai wa wata dattijuwa mai doguwar keke wadda ta kusa cika ɗaki, ita ke bin shafi ukun da ɗinki ta haɗe su. Abin da zai ba telan gida mamaki shi ne tsananin awo. Kowane haɗi rubu'in inci ake bari, ba ƙari ba ragi, kuma duk layin da aka ɗinka sai an bi shi da guga kafin a ɗora na gaba. In aka yi sakaci kaɗan-kaɗan, ƙyalle ɗari na haɗuwa tauraron zai fito a karkace, kuma dattijan matan rukuninmu ba sa jin nauyin cewa a warware.

Amma ba ɗinkin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. A kusurwar bayan kowane bargo akwai wani ɗan ƙyalle da ake rubuta sunan wanda za a ba, da sunayen waɗanda suka ɗinka, da ranar da aka miƙa. Ba a sayar da shi, ba a raba shi kamar kayan agaji. Ana kiran mutum da sunansa a gaban iyalinsa, a faɗi rundunar da ya yi wa aiki da inda aka tura shi, sannan mata biyu su yafa masa a kafaɗa. Na halarci na wani tsoho da ya yi yaƙin Biyetnam. Su dai sojojin wannan yaƙi sun dawo gida ne a lokacin da jama'a ke fushi da yaƙin, da yawansu ba su sami ko sannu da zuwa ba. Da aka yafa masa, mutumin nan ya kasa cewa uffan, ya riƙe gefen bargon da hannu biyu, matarsa ce ta yi godiya a madadinsa.

Na san wani zai ce, me ya kai Musulma ɗinka wa sojan da ya je Iraƙi bargo? Wata ƙawata a masallacinmu ta faɗa mini haka ido da ido, kuma ban ga laifinta ba. Ni ma ban taɓa goyon bayan wancan yaƙi ba, har gobe. Sai dai waɗanda suka yanke shawarar kai shi ba su ne ke kwana a zaune ba. Yaro ne ɗan shekara goma sha tara da ya shiga soja don ya sami kuɗin makaranta. Shi nake ɗinka wa, hisabin manyan kuma yana wurin Allah.

To mu a gida fa? Kowace ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, manya kan taru a Abuja da manyan biranen jihohi, a ajiye furanni a gindin mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a saki fararen tantabaru, a maƙala bajo a ƙirji, a watse. Ban ce a daina ba. Amma wanda aka san sunansa, yana raye, yana zaune a kan benci a ƙofar gida, shi wa ya kira shi? Kakana na wajen uwa ya je yaƙin Bama, cikin dubban 'yan Arewa da Turawan Ingila suka kwasa a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Lambobinsa a cikin gwangwani suka ƙare, mu jikoki muna wasa da su, kuma har ya koma ga Allah ban ji an kira sunansa a wani taro ba. Irinsu yanzu sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka shiga yaƙin basasa a 1967 suna samari, yau suna dab da tamanin. Ga na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya da Saliyo, ga yaran da ke dawowa daga Borno da Zamfara, wani ba ƙafa, wani jikinsa lafiya amma in ƙofa ta bugu sai ya zabura.

Wani kuma zai ce tsohon sojanmu fansho yake nema, ba mayafi ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ga hotunan dattawan nan suna zaman dirshan a Abuja kan haƙƙinsu ya san haka. Bargo ba ya sayen magani. Fansho nauyin gwamnati ne, a ci gaba da matsa mata lamba, kuma kada wani shugaba ya raba barguna a gaban kyamara ya ce ya sauke nauyi. Ni maganar da nake yi ta unguwa ce, abin da maƙwabta za su yi ba tare da jiran kowa ba.

Kayan aiki kuwa muna da su fiye da matan nan. Su saye suke yi yadi-yadi da tsada, mu kuma duk shagon tela bayan sallah buhu-buhu na ragowar atamfa da shadda ake zubarwa ko a ƙona. A ware na auduga zalla, a bar leshi da mai roba don ba sa jure wanki tare. Turmi ɗaya na atamfa ya isa shafin baya har da ragi. Ba ma buƙatar doguwar keke, keken ƙafa zai yi in aka bi shi layi-layi, kuma hannun da ya iya aikin babbar riga da hular zanna wannan ba zai gagare shi ba. Audugar tsakiya a yi ta sirara saboda zafinmu, ko a sa tsohon zane mai tsabta a maimakonta. Inda har yanzu akwai masaƙa, gwado ko luru ma ya wadatar, muddin an ɗinka sunan a kusurwa. Ga shi ranar 15 ga Janairu tana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da tsoho ya fi bukatar abin rufa.

Abin da zai yi wuya shi ne sunayen. Shi ya sa nake roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilanka ofisoshin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion a Kaduna da Kano da Sakkwato da Maiduguri, su nemi izinin dattawan da ke raye, a riƙa buga sunan mutum da rundunarsa da inda ya yi aiki, ko goma-goma ne a kowane mako. In ƙungiyoyin teloli da makarantun koyon ɗinki na mata suka ga sunan ɗan unguwarsu, sai su san wanda za su fara da shi. Ni kuma in na zo gida zan taho da awon da takardun zane, in zauna da duk masu son koyo.

Wassalam.

Mai karatunku,
Wata tela 'yar Zariya, daga Kolumbus, Amurka