Masu zanen Kusko ba 'yan kwafi ba ne

Assalamu alaikum, Edita.

Raina ya ɓaci da shirinku na ranar Lahadi. Har sau uku baƙonku ya kira masu zanen Kusko na ƙasar Peru 'yan kwafi, mai gabatarwa kuwa bai ce uffan ba.

Gaskiya ne hotunan ɗab'i daga Antwaf, wani birni a Beljiyam ta yau, sun zo musu a jiragen ruwa, kuma Bernardo Bitti, mai zane ɗan Italiya, ya iso Lima, babban birnin Peru, a 1575 da salon ƙasarsu. Diego Quispe Tito ma, mai zane ɗan Kusko, a kan irin waɗannan hotuna ya ɗora zanensa na taurari na 1681. To amma hoton ɗab'i baƙi da fari ne. Wa ya ba su launi? Jan daga wani ƙwaro ake samu da ke maƙale wa tsiron kaktus, a busar da shi a niƙa. Shuɗin kuma sau da yawa baba ce, irin wadda marinanmu suka sani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cewa da baƙon ya yi adon zinariyar da ke kan tufafin Maryamu kuskure ne, wai bai bi lanƙwasar yadi ba. Da gangan ake yin sa haka! Sai fenti ya bushe sarai, a zana furanni da danƙo, a jira ya fara kamawa, sannan a ɗora ganyen zinariya a share ragowar. Idan danƙon ya yi ɗanye zinariya ta dushe, idan ya bushe da yawa ta ƙi zama. Aikin wanda bai iya ba ke nan? Su waɗannan zanuka sau da yawa gunkin da aka yi wa ado a coci suke nunawa, shi ya sa rigar ke tsaye kamar dutse, kuma mutanen yankin duwatsun Andis, inda Kusko yake, na girmama duwatsu tun kafin zuwan Sifaniyawa.

Ya kamata baƙon naku ya je babban cocin Kusko ya dubi Jibin Ƙarshe, zanen cin abincin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, wanda Marcos Zapata ya yi a 1753. Ɓeran Masar ne kwance a faranti, abincin biki na mutanen wurin. A wane hoton Antwaf ya ga wannan?

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin magana, yana danne muryar mai gabatarwa, musamman ga masu saurare a ƙaramar rediyo.

Naku mai sauraro,
daga Zariya