Ɗan gari ma yana da abin faɗa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista kan Markus sura 6, wadda kowa ya iya karantawa amma ba ma ganin kanmu a ciki.

Yesu ya koma Nazarat garin da ya tashi, ran Asabar ya shiga majami'a yana koyarwa, kuma fa mutanen ba su ce koyarwar ba daɗi ba, mamaki ma suka yi, amma nan take sai aka shiga lissafin gidansu, wai ba masassaƙin nan ba ne, ɗan Maryamu, ɗan'uwan su Yakubu da Yahuza da Saminu, ga 'yan'uwansa mata nan zaune tare da mu? Shi kenan magana ta mutu. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Markus ya ce bai yi wata babbar mu'ujiza a can ba sai marasa lafiya kaɗan da ya ɗora wa hannu, shi kansa sai da ya yi mamakin rashin bangaskiyarsu. A Luka sura 4 ma abin ya fi muni, da ya tuna masu cewa gwauruwar Zarefat aka aiki Iliya wurinta, kuma Na'aman mutumin Suriya ne aka warkar wa kuturta a zamanin Elisha, sai suka ja shi bakin dutse za su jefa shi ƙasa.

To mu fa? In za a yi taron farkawa sai an ɗauko baƙon fasto daga Legas, a buga fosta, a kama masa otal, a cika ambulan. Yaron unguwa kuwa da ya je Kagoro ko Bukuru ya yi karatun tauhidi ya dawo, in an ba shi bagade to ran Laraba ne da yamma da coci ba kowa, kuma yana cikin wa'azi wata uwa a bencin baya na raɗa wai ita ta goya shi, wani dattijo na tuna bashin babansa. Haba jama'a. Ban ce a daina gayyatar baƙi ba, amma dattawan ikilisiya su duba jadawalin wa'azin Lahadi na bana su ƙirga 'yan gida nawa ne a ciki.

Naku,
Mai karatu daga Kafanchan