Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi da Ƙirƙirarriyar Basira

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin mahukunta kan yadda wasu ma'aikatan ƙananan hukumomi suka fara amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT wajen tsara wasiƙu da rahotanni. Ban ga laifin hakan ba, amma akwai gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne bayanan jama'a. Ma'aikacin da ya zuba jerin albashi, ko sunayen masu neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, a cikin manhajar, ya tura sirrin mutane ne zuwa kwamfutocin wani kamfani a ƙasar waje ba da saninsu ba, alhali Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Sannan manhajar tana hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya ne, shi ya sa takan ƙago sashen doka ko adadin kuɗin da babu shi, Hausarta ma sai an yi mata kwaskwarima. Wanda ya sa hannu a takarda shi zai amsa tambayar mai binciken kuɗi.

Ina kira ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta Jihar Katsina da ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida ga ƙananan hukumomi 34, ta fayyace takardun da aka haramta sakawa, ta kuma fara horar da ma'aikatan sashen kuɗi.

Wassalam,
Wani mai karatu, Daura.